Zanen da Mai Guga Ya Bari a Igiya

Duk unguwarmu ba wanda ya san daga inda Mai Guga ya fito, kuma wannan kaɗai ya isa a sa masa ido. Tsohuwar unguwa ce, lungunanta a matse, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe da bango. Kowa ya san kakan kowa. In ka ce kai ɗan gidan wane ne, nan take wata tsohuwa za ta ba ka labarin ranar da aka haifi ubanka da irin kukan da ya yi. To shi Mai Guga ba shi da wane. Rana ɗaya aka gan shi da tebur a ka, dutsen guga a hannu, ya kama ɗan shagon da ke ƙasan benen da muke haya. Aka tambaye shi garinsu, ya ce da nisa. Iyali fa? Ya ce Allah bai kawo ba tukuna. Iyakar abin da aka samu a bakinsa ke nan, har na yi wayo na tarar da shi a wurin.

Dogo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda tebur, hannayensa duk tabon garwashi. Ba ya zaman hira a bakin titi, gaisuwarsa ma gajeriya ce. Amma aiki! Kai, ban sake ganin irinsa ba, kuma na kai wa masu guga kaya da yawa a rayuwata, har da masu dutsen lantarki da za su ƙona maka kwala su ce ai haka ka kawo ta. Nasa dutsen na gawayi ne. Zai zuba garwashi ya rufe, ya fito bakin ƙofa yana lilo da shi har toka ta tashi, sannan ya kai shi kusa da kuncinsa ya ji zafin. Ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa wa riga ruwa. In ya fitar da kari a wando, sai an wanke yake ɓacewa.

Dokoki biyu gare shi da kowa ya sani. Ta farko, ba ya jiƙa kaya sai ya juye aljihu. Gwangwanaye ne jere a kan katako, kowane gida da nasa, abin da ya tsinta a ciki yake jefawa: maɓalli, guntun alli, makulli, har haƙorin yaro na taɓa gani. Ta biyu, kaya ba sa wuce lokacinsu a igiya. A saman benenmu yake shanya, don nan ne kaɗai fili. Yana tsaka da guga sai ka ga ya ajiye dutse ya haura da sauri, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya kwaso waɗanda suka bushe. "Rana cin kaya take yi," in ji shi. Ya taɓa yi min faɗa har na yi hawaye don na bar ɗankwalina ya wuni a sama.

Mu uku ne a ɗakunan da ke kansa: Inna, da Yaya, da ni. Babanmu direba ne, ya rasu ina goye. Inna kitso take yi, da shi muke ci, da shi muke zama a gidan. Kullum ɗakinta cike da matan unguwa, wannan a tsakanin gwiwoyinta, waccan tana tsefe kai tana jira, baki kuwa ba ya hutawa. In hira ta kai inda bai kamata yaro ya ji ba, sai a kore ni. Shagon Mai Guga nake sauka, in zauna a kan buhun gawayi in yi aikin makaranta. Barkono ake ce min, kuma ban ce an yi min ƙarya ba. Shi kaɗai ne ban taɓa yi wa tsiwa ba, don ba ya ba mutum abin da zai kama. Shagon nan shi ne ɗakin kwanansa, shi ne wurin sana'arsa, bayansa ba shi da komai a duniya. A daminar da nake aji huɗu aka tashi raba shi da shagon.

Makarantarmu tana ƙarshen lungu, rufin kwano, in ruwa ya sauko sai malami ya ajiye alli ya naɗe hannu. A bayanta akwai kududdufi, tsohon rami da aka ɗebi ƙasar gina unguwar. Da rani akuyoyi ke kiwo a cikinsa. Da damina kuwa ya cika ya yi kore, ba wanda ya san zurfinsa. Samarin aji biyar da shida ba su da abin so kamarsa, Yaya kuma shi ne ubansu. Inna ta yi faɗa, ta yi duka, ta yi roƙo, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Abu guda yake tsoro a duniya, bulalar Hedimasta, wadda yara suka raɗa wa suna Ina-kwana, don da safe take gaishe da mutum.

Wata Litinin muna tsaye a layi, Hedimasta ya fito da Ina-kwana a hammata, ya fara kiran suna. Yaya, ɗan mahauci, ɗan mai aski, da wasu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya faɗi ranar da suka shiga ruwan, ya faɗi wanda ya yi tsalle daga kan kututture. Aka zane su a gabanmu. Litinin ta sake zagayowa, haka. Wadda ta biyo ta, haka, har da wani ɗan aji uku da ƙafa kawai ya tsoma.

Sai kowa ya fara kallon kowa a kaikaice. Hedimasta gidansa yana can gaban makaranta, ba ya hango ruwan, to wa ke kai masa? Abokai suka daina raba alawa. In mutum ya je fitsari ya daɗe, sai a ce daga ofis yake. Ɗan mahauci ne ya tara su a bayan aji, ƙato ne mai wuya kamar na ubansa, ni kuma na kutsa don ba a hana ni shiga wuri.

Ya ce, "Ku tsaya ku ji. Wa ke shiga ofis duk Litinin tun kafin a kaɗa ƙararrawa?"

Wani ya ce, "Mai Guga, da kayan Hedimasta."

Ɗan mahauci ya ce, "Wa ke juye mana aljihu? Yashin ruwan nan ai a aljihu yake zama. Yana gani, yana sansanawa, ya kai mu."

Na ce, "Ƙarya kake, mai kan tulu!"

Ya ce, "Ke da kike wuni a shagonsa, ƙila ma ke ke riƙe masa jakar gulmar."

Na cije shi a hannu. Ya make ni, na faɗi, na tashi na sake cizo. Ranar da leɓe a kumbure na koma gida, amma na rantse sai na nemo munafukin na wanke Mai Guga.

Wallahi ba wanda ban zarga ba. Mai aski na fara sa wa ido, don madubinsa yana kallon lungu, kuma bakinsa ba ya ƙulli. Na yi ta laɓe a gefen rumfarsa, ban ji komai ba sai ƙarya kan ƙwallo. Na koma kan mai gadin makaranta, sai na gan shi yana amsa wa akuya gaisuwa, ashe idon ya tafi. Monitan aji kuwa shi ma ya sha Ina-kwana. Tsohuwa mai alawa a bakin ƙofa ba ta san sunan kowa ba, duk yaro "kai wannan" ne a wurinta. Da na rasa, sai na yi wa Yaya dabara. Na ce su tuɓe tun daga nesa, kada ko ɗigo ya taɓa kayan makaranta, kuma satin nan kowa ya wanke nasa a gida. Suka yi. Litinin ta zo, Mai Guga bai taɓa aljihun kowa ba, Hedimasta ya kira su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba.

Na ce to kun gani. Ɗan mahauci ya yi dariya, ya ja ni bayan makaranta ya nuna min sama da yatsa. Daga bakin ruwan, saman benenmu ne kaɗai ke leƙowa ta tsakanin gidaje. Ga igiyoyi, ga kaya na kaɗawa, ga doguwar inuwar Mai Guga tana kai da kawowa a tsakaninsu. Ya ce daga can yake hango su, ba sai ya taɓa aljihu ba.

Na faɗa shagon ban ko cire takalmi ba. Na ce, "Baba, kai ne?"

Bai ɗago ba. "Ni ne me?"

"Mai kai sunayen."

Ya juya hannun riga, ya ɗora dutse. "Miƙo min maficin can, wutar ta yi sanyi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na miƙa masa na fita. Ranar ce na fara kallonsa yadda sauran ke kallonsa: mutum ba dangi, ba aboki, ya san abin da ke aljihun kowa, me yake ci a wurin Hedimasta? Na ji haushinsa, na ji haushin kaina da nake jin haushinsa.

Abin ya wuce wasan yara ranar da Hedimasta ya gaji da dukan ɗan mahauci, ya ce ya kwashi littattafansa ya tafi, ga jarrabawar fita ta matso. Da rana tsaka mahauci ya zo da kansa, wuƙa a ƙugu, rigar duk maiƙo. Bai zare ta ba, amma kowa ya gan ta. Ya tsaya a ƙofar shago ya zazzaga wa Mai Guga zagi, ya kira shi tsintacce, ɗan leƙen asiri, mai cin dunduniyar yara. Sannan ya sa hannu a baho ya tsamo kayan gidansa jiƙe, ya saɓa a kafaɗa, kumfa na zuba a bayansa. Mai Guga yana tsaye da dutse a hannu, bai ce uffan ba. Shirun nan aka ɗauka amsa laifi.

Daga nan gida-gida aka riƙa aiko yara karɓar kaya. Samari suka riƙa jifan shanyarsa da laka daga lungu. Hedimasta ma da ya ji ana haɗa sunansa da maganar, sai ya daina ba shi wanki, wai kada a ce. Mai gidan haya ya zo ya ce shi ba ya son fitina a gidansa, in wata ya mutu a ba shi makullinsa.

A ɗakin Inna kuwa ba a wata hira sai tasa. Matar mahauci ce kan gaba. "Tun ranar da na ga idon nan nasa na ce wannan ba alheri ya kawo shi ba." Wata ta ce an ce daga kurkuku ya fito. Wata ta ce ai ta ji matarsa gudu ta yi. Ba wadda ta san komai, amma kowacce da nata. Inna ba ta tanka, kanta a sunkuye, kibiya a baki. Sai dai sau da yawa wadda ke gabanta takan ce, "Wash! Yau kuma me ya same ki, kin ja min gashi kamar za ki tuge shi." Na ɗauka gajiya ce.

Rashin aikinsa ne ya tona abin. Da can igiyoyin cike suke, ba ka lura da komai. Yanzu da suka koma wayam, sai na ga abu guda bai taɓa sauka ba: wani babban zanen gado mai ratsin shuɗi, a igiyar ƙarshe, ta ɓangaren ruwa. Da safe yana nan, in mun taso yana nan, ya bushe ƙamas. Mutumin da ya sa ni kuka saboda ɗankwali! Na leƙa shagon, na ga katifarsa tsirara, ashe nasa ne ma. Na ce yauwa, na kama ka, a bayansa kake laɓewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce gara in gani da idona in huta.

Na bari sai da yamma, lokacin da ihun samari ya fara tasowa daga ruwa. Na cire takalmi na haura a hankali. Ina tsakiyar matakala na ji ƙarar dutsen guga a ƙasa, dum, dum, a kan tebur. Na tsaya. In yana ƙasa, ƙafafun wa nake hangowa a ƙarƙashin zanen?

Inna ce. Tana zaune a kan 'yar kujerar tsuguno, ta ɗan ja gefen zanen da yatsa biyu, ta kafa ido ta wurin. Leɓɓanta suna motsi. In yaro ya nutse sai ta daina numfashi, in kansa ya ɓullo sai ta saki, ta koma kan na gaba. Har na zo dab da ita ba ta ji ni ba.

Na ce, "Inna."

Ta zabura, kujerar ta kife. Muka kalli juna. Ba ta ce min iska ta zo sha ba, ta san ni.

Na ce, "Ke ce."

Ta ce, "Rage murya."

"Ke ce kike kai su! Har Yaya!"

"Har shi, shi ne ma na farko." Ta janyo ni ƙasa ta riƙe min wuyan hannu da ƙarfi. Ta ce duk Asabar in ta je yi wa matar Hedimasta kitso take faɗa mata, ita kuma ta kai wa mijinta. Sannan ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. Tana da ƙane a garinsu, ita aka bar wa shi wata rana, ta juya ta ɗauraye kwano a bakin rafi, ta waigo ba ta gan shi ba. Ta ce, "Ba a yin ihu, Barkono. Mutum shiru yake tafiya. Yayanki ba ya jin maganata, bulalar can kaɗai yake ji. In na kai shi shi kaɗai zai gane, kuma 'ya'yan mutane ma ba zan iya kallonsu suna nutsewa in yi shiru ba."

Na ce, "Shi kuma Baba fa? Korarsa za a yi!"

Ta saki hannuna, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa ban tausaya mata ba a lokacin, gaskiya ke nan. Na sauka da gudu.

Yana goge wata tsohuwar rigarsa, don ba ta kowa a shagon. Na ce, "Na gan ta. Tun yaushe ka sani?"

Ya ajiye dutsen a kan ƙarfensa. "Tun farkon damina. Na hau kwashe kaya na same ta tsugune a bayan wandon wani, rabinta duk a waje. Wando ai ba ya ɓoye mutum. Sai na shanya mata zane."

"To ka faɗa musu mana!"

"In faɗa wa wa? Matan da ke zagina, kawunansu ne abincinku. In suka tashi daga ɗakin can, me za ku ci? Ni dutse ɗaya gare ni, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa. Ita ku biyu gare ta. Kuma yayanki in ya ji uwarsa ce, maganar wa zai ƙara ji a duniya?"

"Ni zan faɗa."

Ya dube ni yadda bai taɓa dubana ba. "In kika buɗe bakin nan naki, ban yafe miki ba."

Sai ga Inna a bakin ƙofa, idanu jajur. Ta ce, "Malam, abin ya isa haka. Gobe zan gaya musu."

Ya ce, "Maman yara, ruwan can bai ja baya ba tukuna. Ki koma sama, suna ciki."

Ta koma. Wallahi ta koma. Na tsani su biyun ranar. Sauran kwanakin watan ban yi wa Inna magana ba sai dole, abinci ma bango nake juya wa in ci. Maganar tana ci na a ciki kamar na haɗiyi garwashi, in ɗan mahauci ya wuce yana yi min gwalo sai in ciji harshena.

Ranar da zai tashi Asabar ce. Da safe ya kwashi gwangwanayen nan a tire, ya bi gida-gida yana ajiye wa kowa nasa a bakin ƙofa. Wasu ko sallamarsa ba su amsa ba. Ya ɗora tebur da baho da katifa a baro, ya riƙe dutsen a hannu. Ya shafa kaina, ya ce in riƙa sauke ɗankwalina da wuri. Samari suka raka shi da ihu har bakin titi. Da na ɗaga kai, zanen yana nan a igiya, ya bar mata shi.

Da yamma samari suka ɓarke zuwa ruwa, har waɗanda ba su taɓa shiga ba, wai munafuki ya tafi, yau ba mai kai su. Inna tana yi wa matar mahauci kitso, an kai rabin kai. Ihun ya shigo ta taga. Na ga hannunta ya tsaya. Ta zare kibiya ta ajiye, ta tsallake ƙafafun matar ta haura sama, na bi ta.

Ta tsaya ta dubi zanen, ta dubi kujerar da ke bayansa. Sai ta fizge shi daga igiya, ta naɗe ta dunƙule a hammata, ta matsa har bakin katanga inda duk unguwa ke ganinta. Ban san Inna na da murya haka ba. Ta kira Yaya da sunansa. Ta kira ɗan mai aski, ta kira ɗan mahauci, ta bi su ɗaya-ɗaya har da abin da kowa ke yi a cikin ruwan. "Ku fito! Ku fito, na ce! Ni ce nake kai ku! Duk Litinin ni ce, ba bawan Allahn da kuka kora ba!"

Ihun ruwa ya ɗauke. Lungu ya cika da kawuna suna kallon sama. Matar mahauci ta hauro har rabin matakala, gefe guda a kitse gefe guda a tsefe. Ta ja mayafi ta rufe kan ta fice.

Mun sha wuya bayan nan, ba zan ɓoye ba. Ɗakin Inna ya yi tsit, akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya. Yaya ya daɗe ba ya haɗa ido da ita. Ta je ta durƙusa wa Hedimasta har ya bar ɗan mahauci ya zana jarrabawa. Sannu a hankali matan suka dawo, don ba mai hannunta a unguwar, kuma kai ba ya jiran fushi ya huce. Samari suka bar ruwan, don kowace yamma tana tsaye a sama a fili, kuma a kira sunanka duk unguwa na ji ya fi Ina-kwana zafi. Amma ko mutum ɗaya ban ji ya ce mun zalunci Mai Guga ba. Cewa suke yi, ai shi ma da laifinsa, me ya hana shi magana? Har yau in na tuna wannan sai in ji jinina ya hau.

Mai gawayi ne ya gaya wa Inna inda yake kai masa buhu. Ta wanke zanen, ta ninke, ta ba ni da Yaya. Muka same shi can wata sabuwar unguwa, a 'yar rumfar kwano jikin garejin makanikai, yana goge kayan aiki masu tabon baƙin mai. Ya ƙara ramewa. Ya amsa gaisuwarmu, idonsa a kan abin da ke hannuna.

Ya ce, "Wa ya sauke shi?"

Na ce, "Inna."

"Ta faɗa?"

"Da ƙarfi. Kowa ya ji."

Ya zauna a kan benci, ga dutse da wuta a kan tebur. Ban taɓa ganin ya zauna dutse na da zafi ba. Ya ce, "Kash. To tashin nawa na mene ne?"

Na ce ya dawo, shagon yana nan a rufe, mai gidan ma ya ce a gaya masa. Ya girgiza kai. Ya ce mutanen da suka tsame kayansu jiƙe daga bahonsa, ba zai iya sake sa hannu a aljihunsu ba. Yaya, wanda shi ma ya yi jifan laka, ya durƙusa ya ce a yafe masa. Mai Guga ya ce, "Kana shiga ruwan?" Ya ce a'a. Ya ce, "To tashi, wandonka zai yi datti."

Ya karɓi zanen ya warware. Gefen da ya kalli rana ya koɗe, ratsin shuɗin ya kusa ɓacewa. Ya nuna min. "Kin gani ko? Na gaya miki cin kaya take yi." Ya yayyafa masa ruwa, ya goge shi tas tun daga wannan baki har wancan, ya ninke daidai, ya ɗora min a hannu da ɗuminsa.

"Kai wa uwarki. Tunda ta fito fili, rana za ta riƙa dukanta a saman nan. Ta ɗaura shi sama ta yi inuwa."

Bai sake taka lungunmu ba. A rumfar nan ya tsufa, can na riƙa kai masa kayan makarantar 'ya'yana ina tsallake masu guga da yawa a hanya, kuma makanikai ne suka kai shi makwancinsa. Har ya tafi bai gaya min garinsu ba. Inna kuwa ta ɗaura zanen a kusurwa huɗu saman igiyoyinsa, ta zauna a ƙarƙashinsa duk damina, fuskarta a buɗe tana kallon ruwa.